Ina Tsofaffin Gidajen Siliman Kano?

A shekarar 1937 'yan kasuwar Labanon suka buɗe silimar Rex a Kano. Daga baya aka samu su Palace, El Dorado, Plaza, Orion da Marhaba. Galibinsu babu rufi, sai dare ya yi a haska fim ɗin Indiya, samari na kan benci suna bin waƙa da baki.

Kaset ɗin bidiyo ya kwashe 'yan kallo, masu gidajen suka daina gyara, wasu gidajen ma suka koma shaguna.

Da kamfanin silima na Filmhouse ya shigo Kano, bai farfaɗo da ko ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen ba. Cikin Ado Bayero Mall ya sauka, da na'urar sanyi da gugguru. Kuɗin tikiti ya fi ƙarfin aljihun tsofaffin 'yan kallo da yawa, sai suka koma gidajen kallo na unguwa.