Lissafi Kafin Saye: Haɗa Wutar Sola a Matsinkai da Bakin Iyakar Bagudo



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda magidanci a Matsinkai, ko wani gari na Ƙaramar Hukumar Bagudo da ke daura da iyakar Jamhuriyar Benin, zai haɗa farantan sola da batir domin ya sami wutar kansa ba tare da dogaro da wayar gwamnati ba. Batun ba sabo ba ne a wannan yanki. Farfesa Abdou Moumouni ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na Nijar a Yamai tun daga 1969, an kuma kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato a 1982. Abin da ya sauya shi ne matsin buƙata. A watan Nuwamba na 2019 an hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, sa'an nan a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin mai, sai ciyar da janareta ya gagari mutane da yawa. Kayan sola kuwa sun cika kasuwanni. Sai dai kayan kirki kan lalace a hannun wanda bai yi lissafi ba, kuma galibin ɓarnar a waya da batir take aukuwa.

Ma'aunai uku

Manomin shinkafa a fadamar Kogin Kwara ya san injin ban-ruwa da tiyo, don haka da su za mu yi misali. Ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo shi ne amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato aikin da wutar ke iya yi. Farantin da aka rubuta wa wat 100 yakan ba da kimanin bolt 18 da amfiya 5.5 a tsakar rana. Kamar yadda siririn tiyo ke shaƙe ruwa, haka siririyar waya ke shaƙe wuta, abin da ta shaƙe kuwa zafi yake zama.

Lissafin buƙata

Tilas ne a fara da ƙidaya abin da gida zai ci a kwana ɗaya. Alal misali, ƙwan fitila 4 masu wat 5 na awa 5 sun ci wat-awa 100. Fanka mai wat 20 ta awa 8 ta ci 160. Talabijin mai wat 40 na awa 3 ya ci 120. Cajin salula 5 kuma kimanin 50. Jimla 430 ke nan. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma idan na darma ne bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, wato 600, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Ranar wannan yanki, in aka dunƙule ta, takan kai kimanin awa 5 na cikakken ƙarfi. Farantai biyu masu wat 100 za su tara 1,000 a takarda, amma bayan an cire hasarar zafi da ƙura da caji sai a sa ran wajen 700. Wannan ya ishi gidan da muka misalta, har da ɗan rara domin hadarin watan Agusta.

Haɗi iri biyu

Kowane faranti yana da baki biyu, mai alamar + da mai alamar −. In aka haɗa + na wannan da − na wancan, an yi haɗin sarƙa: bolt ya taru ya zama 36, amfiya ta tsaya a 5.5. In kuwa aka haɗa + da +, − da −, an yi haɗin gefe da gefe: bolt ya tsaya a 18, amfiya ta zama 11. Wat 200 ne a duka biyun, amma waya ba ta ɗauke su daidai ba, domin in amfiya ta ninka biyu, hasarar da ake yi a waya ninkawa huɗu take yi.

A ɗauka tsakanin rufi da ɗakin batir mita 10 ne, wato mita 20 zuwa da dawowa. A haɗin gefe da gefe, wayar jan ƙarfe mai lamba 1, irin siririyar da ake ja wa ƙwan fitila, za ta cinye wat 40 da 'yan kai, wato kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka saya da kuɗi. Mai lamba 2.5 za ta ci 17, mai lamba 6 kuwa 7 kacal. A haɗin sarƙa, ita wannan mai lamba 2.5 wat 4 kawai za ta ci. Bugu da ƙari, akwai waya a kasuwa wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. A kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana a bar ta. Araha ba ta ado.

Kada wannan ya sa a ɗauka haɗin sarƙa ne ya fi a kowane hali. Tsakanin faranti da batir akwai kwantirola, wadda ke hana caji ya wuce kima, ita ma iri biyu ce. Mai araha, wadda aka rubuta wa PWM, ba ta iya mayar da rarar bolt ta zama amfiya; in aka ba ta bolt 36 a kan batir mai bolt 12, fiye da rabin wutar ya tafi a banza. Ita haɗin gefe da gefe da kakkaurar waya suka dace da ita. Mai tsada, wato MPPT, ita ke cin moriyar haɗin sarƙa. Haka kuma a haɗin sarƙa, inuwar reshen dogon yaro a kan faranti ɗaya takan rage ƙarfin duka biyun.

Tsarin haɗawa

Da farko a haɗa batir da kwantirola, domin ta gane ƙarfin batirin, kana a haɗa farantai, daga ƙarshe a haɗa fitilu. Wajen kwancewa sai a fara cire farantai. Lalle ne a sa fis a wayar + dab da bakin batir, domin batir yana iya fitar da ɗaruruwan amfiya nan take in wayoyi biyu suka taɓa juna, wannan kuwa ya isa ya kunna wa rufin ciyawa ko buhunan shinkafa wuta. Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, kai tsaye ake haɗa ta da batir da gajeriyar waya mai kauri da nata fis. A ɗaure kowace mahaɗa da noti, domin wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ke fara ɗumi.

Rana, ƙura da zafi

Bagudo tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a karkata faranti ya dubi kudu da kimanin digiri 12 zuwa 15. A bar sarari tsakaninsa da kwanon rufi iska ta ratsa, gama an auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25, kuma in ya kai digiri 65 a bazara yakan rasa kusan kashi 16 cikin 100. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi. Batirin darma kuwa, ƙarin zafin digiri 10 kan rage kusan rabin kwanansa, kuma mai ruwa yakan fitar da iska mai kama wuta lokacin caji; a ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu. Batirin mota an yi shi ne domin tayar da inji, ba ya jure a riƙa shanye shi kullum. Wanda ya mutu kuma kada a fasa shi a gida. Gubar darma, ko da yake daga dutsen zinariya ta fito a wancan karo, ita ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ilmin da ake buƙata bai wuce ninkawa da rabawa ba, amma shi ke raba batirin da zai yi shekaru da wanda zai mutu kafin damina ta zagayo. Makarantunmu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero, za su yi babban taimako in suka shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa domin masu gyaran rediyo da masu shagon caji na garuruwan bakin iyaka, gama su ne magidanci ke kira ranar da ya sayo faranti.