Funfunar Da Ke Cinye Tsutsar Sauro Daga Ciki

Maganin feshi yana kashe tsutsar sauro yau, bayan ɗan lokaci sai a sake sayowa a sake fesawa. Shi ya sa masana suka daɗe suna neman makamin da zai riƙa hayayyafa da kansa a cikin ruwa.

A shekarar 1935 wani masanin tsirrai a Amurka, John Couch, ya bayyana wata halittar ruwa mai kama da funfuna, Lagenidium giganteum. Tana sakin ƙananan ƙwayoyin iri masu iyo, waɗanda ido ba ya gani. Idan ɗaya ta manne wa tsutsa, sai ta huda fatarta, ta bazu a cikinta kamar saiwa a ƙasa mai laima. Cikin 'yan kwanaki tsutsar ta mutu, daga gawarta kuma sababbin ƙwayoyi su fito su nemi wasu. Har wa yau tana samar da wani iri mai kaurin ɓawo da ke jure bushewa, ya kwanta a laka har ruwa ya dawo. Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina, domin kududdufanmu rani ke ƙafar da su.

An gwada ta a gonakin shinkafa na jihar Kalifoniya, har aka sayar da ita da sunan Laginex a shekarun 1990, amma ba ta daɗe a kasuwa ba. Tana da tsirfa: ba ta son ruwa mai gishiri ko mai ƙazanta, zafi mai tsanani yana karya ta, ajiyarta kuma da wuya. Daga baya ma likitocin dabbobi suka gano wasu 'yan uwanta suna sa wa karnuka cuta.

Wata funfunar mai kashe tsutsar sauro, Coelomomyces, ta fi wannan rikici. Sai a shekarun 1970 aka gane cewa ba ta kammala rayuwarta sai ta bi ta jikin wani ɗan ƙwaron ruwa dangin jatan lande.

Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. A ganina irin wannan makami ba na kwatar birni ba ne. Idan za a gwada shi, fadamun shinkafa na Kano da Kabi ne wurin da ya dace jami'o'inmu su fara.