Me Ke Haɗa Nas-nas Faɗa a Asibiti?

'Yan'uwa manoma, mukan kai mara lafiya Gusau daga Tsafe ko Bunguɗu, mu tarar nas-nas suna cacar baki. Yawanci wajen miƙa aiki ne. Wadda ta kwana aiki ba ta tafiya gida sai mai karɓarta ta iso, sun bi gado-gado tare. In waccan ta makara, rai ya ɓaci. Ga kuma tsohuwar tsama da likitoci kan albashi, wadda ta jawo yajin aikin JOHESU a 2018.

A cikin wannan hayaniya ne akan manta allurar mara lafiya. Kada mu sa baki. Mu tuna wa sabuwar nas da ladabi. In ba ta ji ba, mu nemi sista mai kula da ɗakin.