Shirin Musamman: Taswirar da Ke Cikin Ka

Shirin namu na yau daga Duwala yake, kuma a kan hankalin ɗan Adam za mu tattauna.

Ka tsaya a bakin babban masallacin New Bell bayan la'asar, ka tare ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, ka ce ya kai ka PK 14. Ba zai ciro takarda ba, ba zai duba waya ba. Zai ɗan yi shiru, ya faɗi kuɗi. Kafin ya buɗe baki ya riga ya auna cunkoson Ndokoti a wannan lokaci, da lungun da ruwan sama ya cike, da inda 'yan sanda ke tsayawa, da man da ya rage a tanki. Har fuskarka ya karanta, ya gane ko baƙo ne kai ko ɗan gari. A Duwala ba a cika kwatance da sunan titi ba, sai dai a ce maka bayan gidan mai kaza, ko ka wuce cocin nan ka yi dama. Garin gaba ɗaya a cikin kawunan mutane yake zaune.

To, ina wannan taswira take kwana?

A Landan an bi diddigin tambayar. Kafin a ba direban baƙar tasi lasisi a can, sai ya haddace tituna kusan 25,000, abin da ke cin shekara 3 zuwa 4. A 2000 wata masaniya mai suna Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobi 16, ta duba wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas, wanda ke riƙe hanya da abubuwan da suka faru. Ta tarar ɓangarensa na baya ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a tuƙi nasa ya fi. Sai aka ce ai wataƙila da haka aka haife su. Ita da abokiyar aikinta Katherine Woollett suka bi masu koyo tun daga farko, kuma a 2011 suka nuna cewa waɗanda suka ci jarrabawar ne sashen nasu ya ƙaru, waɗanda suka faɗi kuwa bai motsa ba. Sai dai ribar ba kyauta ta zo ba, don an ga direbobin sun ɗan yi rauni wajen riƙe sababbin siffofi da aka nuna musu. Ke nan hankali yana ɗaukar kamannin aikin da ka ɗora masa, kuma inda ya cika wani gefe yakan rage wani.

Mu ba sai mun je Landan ba. Ka leƙa kowace makarantar allo a New Bell da asuba. Yaro yana zaune da allo a cinya, yana jijjiga, yana maimaita aya ɗaya har muryarsa ta dushe. Malam ba zai ce ya wanke ba sai ta zauna. Idan ya wanke ma ba a rabu ba, gobe akwai tilawa, kuma wanda ya sauke izu 60 sai ya koma farko ya yi tishi. Gwani kuwa shi ne wanda ya kai matsayin da zai ɗauki alƙalami ya rubuta surori 114 da ka, har ya gaya maka wuraren da ayoyi suka yi kama da juna da inda suka rabu. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa a 1885 cewa abin da aka koya ya fi saurin zubewa a sa'o'in farko, kuma maimaitawa da tazara ita ke tsayar da shi. Ya sha wahala wajen aunawa, a yaba masa. Amma alarammomi sun daɗe da gina tsangaya a kan wannan ƙa'ida tun kafin a haifi kakansa.

Ƙofar shiga hankalin ce ƙarama. George Miller ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai cika wuce guda 7 ba. Lambar wayar Kamaru tun 2014 alƙaluma 9 ce, shi ya sa kowa ke faɗinta bibbiyu, ba tare da an koya masa dalili ba. Dā kowane ɗan kasuwa a kasuwar Congo ta Duwala yana da lambobin abokan cinikinsa a ka. Yau tambayi mutum lambar matarsa ka ga ya shiga laluben aljihu. Ba laifin waya ba ne, aikin ne aka karɓe, hankali kuma ba ya ajiye abin da aka daina tambayarsa.

Malamanmu sun dubi al'amarin ta wata fuska. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan abubuwan mamaki na zuciya. Ya siffanta mutum da gari mai sarki: hankali ne waziri mai shawara, sha'awa bawa ne mai kawo abinci amma mayaudari, fushi kuwa shugaban dogarai. Garin yana zaman lafiya ne idan sarki ya saurari waziri, ya sa dogari ya tsare bawan. Likitan yau ba zai yi magana da wannan harshe ba, amma ya san tsakiyar ranar Ndokoti, lokacin da mota ta goge ka, fushi ya taso, wani abu a cikinka ya ce haƙura, kana da iyali. Wannan abu shi ne ke fara gajiya idan jiki ya gaji.

Nan ne maganar ta fi damuna. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma a cikin barci take jera abin da aka koya da rana ta kafe shi. Yaron da ya fito da babur tun kiran sallar farko, wanda sai ya cika kuɗin mai babur kafin ya nemi nasa, barcin yake fara sayarwa. Idan baya ya ƙage, ido ya yi nauyi, sai wani ya miƙo masa tramol, ya ce sha ka ji ƙarfi. Maganin ciwo ne na gaske, likitoci suna rubuta shi, amma idan aka wuce ƙa'ida yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya, yana dusashe wannan awo na gaggawa da sana'ar ta dogara a kai. Taswirar tana nan a ka, mai karanta ta ne ya yi nauyi. Kwana ɗaya a kan kwalta mai santsi ya isa.

Mu kuma a gida, idan yaro ya fara surutu shi kaɗai ko ya daina barci, abu na farko da muke yi shi ne rufe ƙofa kada maƙwabta su ji. Sai a yi wata da watanni ana cewa jifa ne ko iska, alhali ba wanda ya tambaye shi me yake haɗiya da safe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malamai da yawa su da kansu suke cewa a kai shi. Asibitin Laquintinie da ke Akwa yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma daga New Bell ba nisa, benskin ɗaya ne. Wanda zai raka mara lafiya ya tafi da kwalin duk abin da yake sha, ya kuma gaya wa likita yaushe barcin ya fara ƙauracewa.

A nan za mu dakata. A huta lafiya.