Waya Na Iya Auna Ƙarar Injin Casa, Amma Ban Da Ta Bindiga

Idan kaka ta yi a Karfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, injinan casar masara kan wuni suna ruri, matasa na tsaye a bakinsu tun safe har la'asar. Matsalar ita ce, jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Da desibel ake auna ƙara. A ƙa'idar hukumar NIOSH ta Amurka, iyakar ma'aikaci desibel 85 ne na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 94 awa 1 kacal, a 100 minti 15. A Najeriya, NESREA ce ke kula da dokar ƙara ta 2009.

Waya na iya nuna inda mutum ya tsaya a wannan ma'auni. Manhajar NIOSH Sound Level Meter kyauta ce, sai dai a iPhone kaɗai take aiki. Masu Android ma suna da irinta a Play Store, amma makirufon kowace waya daban yake, don haka ƙiyasi kawai suke bayarwa.

Bindiga kuwa ta fi ƙarfin waya. Harbi ɗaya kan wuce desibel 140, wanda ke iya lalata ji nan take, makirufon kuma ya kai ƙarshen ƙarfinsa tun kafin nan, sai allon ya nuna adadi ƙasa da na gaskiya. Shi ya sa a filayen koyon harbi ake toshe kunne kafin a taɓa kunama. Mafarauci da mai injin casa duk abin toshe kunnen suke bukata, kuma iyafis na jin waƙa ba ya maye gurbinsa.