Idon Ruwa a Gonar Wani: Asalinsa da Ladabin Zuwa Gare Shi a Ƙasar Daudawa

Idon ruwa, wanda ake kuma kira maɓuɓɓuga, ko marmaro idan daga jikin dutse yake tsattsafowa, wuri ne da ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa yake fitowa sarari da kansa ba tare da an haƙa masa rijiya ba. A kudancin Jihar Katsina, inda garin Daudawa yake cikin Ƙaramar Hukumar Faskari mai maƙwabtaka da Ƙanƙara da Sabuwa, ƙasar noma tana shimfiɗe ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake ganin kawunansa sun ɗago a tsakiyar gonaki. Ruwan daminar da ke sauka daga watan Mayu zuwa Oktoba yakan nutse ta cikin yashi da tsakuwa da ruɓaɓɓen dutse, har ya tarar da falalen da ba ya iya ratsawa, daga nan sai ya bi gangare a kwance, ya ɓullo a gindin tudu ko a bakin fadama. Idon da ruwansa bai yi zurfi ba yakan ƙafe da bazara, amma wanda ke shan ruwa daga tsagar dutse mai nisa yakan kai wata damina, kuma ana gane shi daga nesa da ɗanyar ciyawa da inuwar ɓaure a lokacin da ko'ina ya bushe.

Da yake kusan kowane taƙi na wannan ƙasa yana da mai shi, musamman a Daudawa wadda ta yi suna da noman auduga tun zamanin Turawa, irin wannan ido yakan faɗo ne cikin gonar wani, abin da ke haifar da tambayar ko wa ke da iko da shi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, saboda haka abin da manomi ya riƙe shi ne haƙƙin zama da amfani da gonarsa. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 kuwa ta yarda kowa ya ɗebi ruwa kyauta domin hidimar gida ko shayar da dabbobi a duk mashayar da jama'a ke da hanyar zuwa, wanda ke nufin cewa a idon da ke tsakiyar shuka, hanyar isa gare shi ce ke buƙatar yardar mai gona.

Fiƙihun Malikiyya, wanda al'adar ƙasar Hausa ta ginu a kansa, ya fifita mai gona a kan ruwan da ya ɓullo a mallakarsa, sai dai ya wajabta masa ya bayar da rarar ga wanda ƙishirwa ke neman halaka shi, haka nan bai yarda a hana rarar rijiyar da aka haƙa a daji domin dabbobi ba. Daga nan ladabin zuwa ido ya samo tushe: baƙo yakan fara yin sallama ga mai gona, ko ya bi ta hannun mai unguwa, ya taka ta kan iyaka maimakon ya keta kunyoyin masara, ya ɗebi ruwa da ƙwarya mai tsabta ba tare da ya tsoma ƙafa cikin gurbin ba, makiyayi kuma ya tsaya ga burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu, ya shayar da su can ƙasa inda ruwan ke malala. A 'yan shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi waɗannan ƙananan hukumomi uku, baƙuwar fuska a bayan gari abin tuhuma ce, don haka wannan sallama ta zama kariya ga baƙon kansa.

Garai-garai ɗin ruwan ido ba ya tabbatar da tsabtarsa, domin idon da ba shi da zurfi yana tsotsar duk abin da aka zuba a tudun da ke samansa, daga bahaya da kashin dabbobi zuwa takin zamani da maganin feshi, kuma ta haka ƙwayoyin amai da gudawa ke shiga tulu. Nijeriya ta samu shaidar rabuwa da kurkunu daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013, kuma tace ruwa da hana masu ciwon shiga mashaya na cikin abubuwan da suka kai ta ga haka. Gyaran ido ba ya cin kuɗi mai yawa: a kewaye bakinsa da ginin dutse da siminti, a fitar da bututun da za a riƙa tarar ruwa, a haƙa kwata a samansa don karkatar da ruwan malale, a nisanta masai, a kuma bar itatuwan da ke riƙe ƙasar tudun. Mai gona shi kaɗai ba ya iya wannan aiki, tun da tudun da ke ciyar da idon sau da yawa a gonar maƙwabcinsa yake, saboda haka waɗanda ke zuwa da tulu da jarka su ne ya kamata su zo da yashi da dutse ranar gayya.