Kafin Gona Ta Zama Unguwa

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Wudil, ko Zariya zuwa Funtuwa, ya san yadda bakin ƙauyuka ya sauya kama. Inda a da ake ganin dawa da gero har bakin kwalta, yanzu tarin bulo ne da yashi da gine-ginen da suka tsaya a linta. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙidayar 1991 ta samu mutum kusan miliyan 89 a Nijeriya, ta 2006 ta samu miliyan 140, yau kuwa an haura miliyan 200, kuma Arewa ce kan gaba wajen haihuwa. Kowane saurayin da ya yi aure yana son inda zai ajiye iyalinsa, gidan gado kuma ya cika. Don haka gini dole ne, ba wanda zai hana shi. Abin da ya rage a hannun jama'a shi ne a ina za a yi shi, kuma da wane tsari. Lokacin yanke wannan shawara kuwa ɗaya ne tak, wato tun filin yana gona, kuma waɗanda suka fi cancanta su yanke ta su ne mutanen garin da kansu, ƙaramar hukuma tana dafa musu.

A dubi yadda sabuwar unguwa ke haihuwa a yawancin ƙauyuka. Mai gona ya rasu, magada sun raba, wasu suna bukatar kuɗi. Dillali ya zo da igiya da turaku, ya yanka gonar ƙafa hamsin-hamsin, abin da ake kira awon igiya. Tunda kowane taku kuɗi ne, hanyar da zai bari ba ta wuce ta wucewar amalanke, kuma ba ruwansa da ko ta haɗu da hanyar da dillalin gonar maƙwabta ya fitar. Mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, a karɓi la'ada, a watse. Bayan shekara goma sai ga sakamako. Lungu ya matse har masu ɗauke da makara sai sun karkata ta kafin su sha kwana, balle motar kashe gobara ko a-daidaita-sahu da zai ɗauki mai naƙuda cikin dare. Wannan ya haƙa masai a jikin katangarsa, ta bayan katangar kuwa rijiyar maƙwabcinsa ce, alhali ma'aikatan lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Indararon wani yana zuba a gindin ginin ƙasar wani. Idan gwamnati ko wani ɗan siyasa suka kawo makaranta ko ɗakin shan magani, sai a rasa inda za a ɗora su, a kai su can bayan gari.

Ruwa shi ne mafi tsananin alƙali a wannan sha'ani. Kududdufin da aka haƙa aka gina tsohon gari da ƙasarsa, shi ne tafkin da ke shanye ruwan damina. Da ƙasa ta yi daraja, sai a cike shi da shara a sayar. Haka ake yi wa fadama da tsohuwar hanyar ruwa da ta yi shekaru ba ta kawo ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Gaskiya ne ruwan waccan shekara ya yi yawa, koguna sun tumbatsa, kuma ba tsarin ƙauyen da zai tare kogin Haɗeja idan ya cika. Amma ina ruwan zai bi idan ya shigo, da gidaje nawa zai tarar a kan hanyarsa, wannan mutane ne suka yanke shi tun ranar da aka kafa turaku.

Wani zai ce kakanninmu ba su san safiyo ba, kuma sun zauna lafiya. Ai kuwa kakanni sun tsara garuruwansu, a kansu tsarin yake ba a takarda ba. Masallaci da ƙofar fada da dandali suna tsakiya, kasuwa da mahauta da marina kowanne da wurinsa, maƙabarta da filin idi a bayan gari, burtali kuma an shinge shi da aguwa ya ratsa gonaki har mashaya. Baƙon da ya zo neman wurin zama, mai gari ne ke nuna masa inda zai kafa, domin a lokacin ba a sayar da fili. Abin da ya sauya shi ne ƙasa ta zama haja, ikon nuna wuri ya bar hannun gari ya koma hannun mai saye da mai sayarwa, su kuwa ba huruminsu ba ne su yi tunanin inda yaran unguwa za su yi karatu.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, kuma dokar ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Har ma ta hana a yanka gonar karkara fuloti-fuloti haka kawai. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta yi tanadin hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma, tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora mata kula da tituna da magudanan ruwa da maƙabartu da kasuwanni. Sai dai a aikace hukumomin jiha irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna hankalinsu yana kan birni, ƙananan hukumomi kuma sun daɗe hannunsu ba kuɗi. Ƙauye ya faɗa tsakiya, ba a tuna shi sai birni ya cim masa, a zo da jan fenti da motar rusau.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mai gona. Yana cewa gadonsa ne, don me za a ce ya bar wani yanki kyauta? Kuma ya ga yadda kalmar tsari ta sha zama ƙofar ƙwace, a karɓe gonakin talakawa da sunan sabon shiri, a biya su diyyar amfanin gona da ba ta taka kara ta karya ba, fulotan kuma su ƙare a hannun manya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa tsarin da ya dace ba ya fara da karɓe ƙasa. Gona ta zauna a hannun mai ita, gari kawai ya gindaya sharaɗin yadda za a yanka. A yi lissafi. Hekta ɗaya tana ba da fuloti kusan 43 na hamsin-hamsin idan ba a bar komai ba. Idan aka ware kashi ɗaya cikin huɗu don hanyoyi da lambatu da filin jama'a, saura 32. Mai gona ya rasa 11 a ƙirga, amma kowane dillali ya san fulotin da mota ke isa ƙofarsa ba kuɗinsu ɗaya da na cikin lungu ba. Adalcin kuma shi ne a haɗa gonakin da ke jere a tsara su tare, kowa ya ba da daidai girman gonarsa, kada makaranta ta faɗo kan mutum ɗaya ya tashi a tutar babu.

Me ya sa sai mutanen gari? Tarihi ya ba da amsa a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. A ƙarshen shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka, a yaƙin da suke yi da ciwon barci, sun tayar da dubban mutane suka sake musu matsuguni, suka gina sabon garin Takalafiya mai faffaɗan tituna da tazarar kare gobara da rijiyoyin siminti. Abin da aka zana a ƙasa ya tsaya, amma ayyukan da aka ɗora wa mutane da tilas, kamar sassabe bakin rafi, sun yi rauni da tilas ɗin ya sassauta. A Nijar kuwa an bi wata hanya. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, daga baya aka kai su har matakin ƙauye, inda mai gari yake shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ke shaida ciniki da aro da kyautar gona a rubuce, su ke sa alama a burtali. Kwamitocin suna fama da rashin kuɗi, wasu ma suna ne kawai, amma sun nuna cewa ƙauye na iya riƙe littafin ƙasarsa.

Batun rashin kuɗi shi ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, domin ba kwalta ake nema yau ba, wurin da kwalta za ta bi ake so a tsare. Dagaci da liman da dattawan da suka san inda ruwa ya taɓa kaiwa, da wakilan makiyaya, da matan da suka san nisan rijiya, su zauna da jami'in ƙasa na ƙaramar hukuma, da hoton garin daga sama wanda kowace wayar zamani ke nunawa. Su amince da ɓangaren da gari zai miƙa da wanda za a bar wa noma, su fitar da manyan hanyoyi biyu ko uku, su haramta gini a fadama da kududdufi da burtali, su keɓe wurin makaranta da asibiti da ƙarin maƙabarta. A dasa duwatsun siminti da itatuwa a kan iyakokin, a liƙa taswirar a ƙofar fada, a ajiye kwafi a sakatariya. Daga nan sai ƙa'ida ɗaya: mai unguwa ba zai sa hannu a cinikin da ya saɓa wa taswira ba. Tunda la'ada na iya rufe ido, taswirar da kowa ya gani ita ce mai tsaron mai unguwar kansa.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa na jan ƙafa, amma hukuncin ya bai wa jama'a bakin tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansila ina safiyon da zai auna musu gari. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda suka saba tara kuɗin gyaran masallaci da taransifoma, su ne suka fi dacewa su kai wannan bukata, kuma su kai ta kafin kaka, domin da an cire amfanin gona dillalai ke fitowa da igiyarsu. Hausawa sun riga sun faɗa, tun ran gini ran zane.